Fuska Biyu, Tawada Ɗaya

Ni ba mai zane ba ne, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar cewa na iya ba. Ko kaza aka ce in zana, sai a ɗauka tulu ne aka yi wa ƙafafu. Abin da na iya shi ne haɗa kala da jan robar da ake matsa tawada da ita. Zane na abokin aikina ne, wani Kirista mutumin kudancin jiharmu, wanda duk layinmu a Makera Masta ake ce masa. Shi kuma Malam yake ce min, alhali ya san karatun nawa bai taka kara ya karya ba.

A masaƙa muka haɗu, a Kakuri, sashen da ake buga zanen atamfa. Da masaƙar ta mutu aka sallame mu tare, muka yi ta gararamba, daga baya muka kama wani ɗan shago a Makera muka kafa tebur. Aikin namu ba wuya a baki. Firam ne na katako, a ɗaure masa raga mai laushi tamau kamar fatar ganga. A shafe ta da wani magani a cikin inuwa, a ɗora mata zanen da Masta ya yi a takarda mai shara-shara, a danne da gilashi, a fitar da ita rana. Inda rana ta taɓa sai maganin ya daskare, inda zane ya kare sai ruwa ya wanke shi ya bar hanya. Ta wannan hanyar tawada take bi ta sauka a kan takarda idan na ja roba. Kowace kala da ragarta, kuma sai ta farko ta bushe ake ɗora ta biyu. Shi ya sa kullum shagon yake cike da igiyoyi da takardu a rataye kamar gidan mai jego.

Abin da yake ciyar da mu rigunan makaranta ne, da na mata masu zumunta a coci, da na Mauludi, da jakunkunan rabon biki. Amma abin da yake sa Masta ya manta da abinci shi ne fostar wasan mawaƙa. Idan aka kawo masa irin wannan aikin, ba ya tsayawa a kan suna da wuri da lokaci kamar sauran masu bugu. Sai ya cusa magana a ciki. Na tuna wata da ya yi wa masu waƙar rege, hannu baƙi ƙirin ya tsinke sarƙa, sarƙar kuma ta koma wayar jita. Na tuna wata mai fuskar baƙar mace, gashinta ya tashi ya zama taswirar Afirka. Akwai wadda ya zana ƙaton tumbi sanye da babbar riga, ba kai, yana zaune a kan akwatin zaɓe. Wannan sai da muka rufe shago muka ɗan ɓace, don an zo neman wanda ya yi ta. Ina yi masa faɗa in ce wata rana zai ja mana ɗauri, yana dariya yana ƙara muryar rediyonsa. Amma in faɗi gaskiya, idan na ɗaga firam na ga abin ya fito, ni ma ƙirjina cika yake yi.

Garin nan kuwa ya daɗe da rabewa. Rikici bayan rikici, na addini da na ƙabila, har kowa ya tattara ya koma inda nasa suka fi yawa. Ni a Tudun Wada nake, kullum sai na tsallako gada in zo aiki. Masta da can a bayan shagonmu yake haya, amma bayan wani tashin hankali ya kwashe iyalinsa ya mayar da su wajen Sabon Tasha. Gida ya ƙaura, shago bai ƙaura ba. Wannan shi ne abin da matarsa ta kasa haƙuri da shi.

Ba na son a ɗauki Madam a matsayin muguwar mace, don ba ita ba ce. Na ci tuwon accarta har ban san iyaka ba, kuma ranar da aka kwantar da uwargidana a asibiti ita ta wuni a kanta. Tsoro ne kawai ya cinye ta. Da an ce wani abu ya faru a wani wuri, ko da ƙarya ne, sai ka ji ƙofofin shaguna suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, sai wayar Masta ta hau ruri. Tana kuka tana tambaya ko ya kamo hanya. A ƙarshe ta samo masa shago a bakin layinsu, na wani ɗan cocinsu, ta ce ya dawo kusa da gida. Ni kuma kowa ya san ba zan iya bin sa can ba. Idan ya tafi, aikinmu tare ya ƙare ke nan, kuma ban da shi ba ni da wani aboki da ya rage a wancan ɓangaren.

Ana cikin wannan ja-in-ja, gab da wani zaɓe, sai wasu matasa mawaƙa suka zo mana. Hausawa ne da 'yan kudancin jihar da wasu 'yan Filato, har da wata yarinya 'yar Binuwai mai murya kamar ta tsaga kwano. Sun ce wasa za su yi, dukansu a dandamali ɗaya, kuma suna son fostar da za a manna a kowane ɓangare na gari. Masta ya saurare su, idonsa yana ƙyalli. Ranar Madam ta biyo ta shagon, ta sake tayar da maganar ƙaura. A gabana ya ce mata ta bari a yi wannan aikin tukuna. Ya ce idan fostar ta zauna a bango, can da nan, har ranar wasa, to garin bai gama lalacewa ba, zai zauna a Makera. Idan ba ta zauna ba, zai bi ta ba musu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa wane irin mutum ne zai rataye zaman shekara da shekaru a jikin takardar da akuya ma za ta iya cinyewa. Ya ce shi ya gaji da gardama da baki, yana so bango ya raba su.

Zanen da ya yi fuska biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, baki buɗe suna waƙa. Ɗaya da hula zanna, ɗaya ba hula, da ɗan gicciye a wuya. Makirfo ɗaya a gabansu. Wajen zaɓen kalar bayansu muka sha wahala, don kowace kala ka taɓa sai ka tarar wata jam'iyya ta riga ta yi mata kamu. Da ƙyar muka tsaya a kan ruwan ɗorawa a bayan mai hula, shuɗi a bayan ɗayan.

Akwai wani ɗan takara da ya ɗauki nauyin wasan, ya turo yaronsa ya duba zanen kafin a buga. Yaron nasa ƙato ne, ya sha farar shadda da baƙin gilashi, yana ta toshe hanci wai warin kananzir. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce ya yi kyau, gyara ɗaya ne. A ɗan haska fuskar mai hular, a siranta masa hanci, ɗayan kuma a ƙara masa duhu, don mutane su gane wane ne wane tun daga nesa. Ya faɗe shi ne hankali kwance, kamar mai cewa a ƙara gishiri a miya.

Masta ya naɗe hannun rigarsa, ya kamo hannuna ya naɗe nawa, ya jera su a kan tebur. To ni Allah ya yi ni baƙi ne wuluk, irin na gindin tukunya, hancina kuma a baje yake. Masta kuwa jatau ne, har a masaƙa ana tsokanar sa da Bafillatanin coci.

“Oga, duba da kyau,” in ji Masta. “Wanne ne mai hular a nan?”

Mutumin ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya ce ai shi yana maganar yadda aka saba ne. Na ce masa a wannan shagon tawada ɗaya za a dama wa fuskokin nan, a kwano ɗaya, a ja su a raga ɗaya, in bai yi masa ba ga hanya nan. Mawaƙan da suke wurin suka goya mana baya, ya fita yana waya. Ranar na dama kalar fatar nan da hannuna, ja da ruwan ɗorawa da ɗan baƙi, ina ɗigawa a bayan hannuna da na Masta har na samo wadda ta tsaya a tsakaninmu. Na ji daɗin kaina ranar, har da yi wa Masta waƙa, ya ce in rufa masa asiri in tsaya a kan haɗa kala.

Sai dai akwai wata ƙa'ida da muka taso da ita tun daga masaƙa. Ba a barin kala biyu su haɗu baki da baki. Ana barin ɗan farin layi a tsakaninsu, siriri kamar tsinken tsintsiya, don ko takarda ta ɗan goce kada wata ta hau kan wata ta yi datti. Wanda ya koya mana aiki, in ka manta da wannan layin, sai ka ji ranƙwashi. Abin ya zama jiki, ba ma tunaninsa. Haka muka bar farin layi tsakanin ruwan ɗorawa da shuɗi, tun daga sama har ƙasa, ya ratsa daidai tsakanin kafaɗun mutanen nan biyu. Muka buga, muka shanya, muna ta yaba tsabtar aikinmu. Mawaƙan suka dama sitaci a bokiti, suka rabu, suka bi gari suna mannawa.

Ba a jima ba, wata safiya ina fitowa daga gida, na ga ta farko a jikin katangar wata makaranta. Rabi ce. Mai hula yana nan yana waƙarsa, ɗayan babu shi. Ba yaga ba ce irin ta yara ko ta iska. Reza aka sa aka bi farin layin nan tsaf, aka ɓanɓare ɓangaren shuɗin. Na ƙara gaba na ga ta biyu, haka. Na sauka daga keke na bi ta Unguwar Sanusi da ƙafa, duk inda na duba haka. Wani mai shayi da na sani, da ya ga ina tsaye ina kallo, ya ce min ai hoton ya yi kyau, wanda ya zana shi ya san hula. Na tambaye shi wa ya cire rabin. Ya ce shi bai ga kowa ba, yana ta fifita wutarsa.

Kunya ta kama ni har na rasa yadda zan shiga shago. Ina ta shirya yadda zan faɗa wa Masta abin da mutanena suka yi. Na same shi zaune a kan benci, ko rediyo bai kunna ba. Kafin in buɗe baki ya ce shi ma tun daga layinsu har gareji abin da ya gani ke nan, sai dai a can mai hular aka cire, aka bar mai gicciye. Muka kalli juna, sai dariya ta ƙwace mana, irin wadda ba daɗi a cikinta. Da ta lafa ya ce, “Malam, mu fa muka nuna musu inda za su yanka.”

Shi a ransa magana ta ƙare. Ni ne na ƙi. Na buga tebur na ce wannan kuskuren masu bugu ne, ba hukuncin gari ba, kuma ranar wasa ba ta zo ba tukuna. Na ce ya sake zanawa yadda ba mai iya raba su. Ya ce na cika taurin kai. Na ce daga wajensa na koya. Sai ya jawo takarda.

Abin da ya fito da shi a karo na biyu, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Ya shigar da fuskokin cikin juna. Ido uku ne a tsakaninsu, na tsakiyar na kowa ne. Kumatu ɗaya, baki biyu da suka haɗu a gefe. Farin layi kuwa muka yi watsi da shi, na bar shuɗi ya hau kan ruwan ɗorawa da gangan, tsakiyar ta koma wani kore mai duhu. Lokacin da nake ja, ji nake kamar za a ranƙwashe ni ta baya. Duk inda ka sa reza a wannan fostar sai ka yanki idon naka mutumin. Muka buga da sauran takardun da suka rage mana, mawaƙan suka sake dama sitaci, amma na lura wannan karon ba su kai yawan na farko ba.

Ba a raba ta ba kam, wannan mun yi nasara. Wasu aka ɗaye su gaba ɗaya. Wasu aka watsa musu baƙin mai na gareji. A unguwarmu aka fara cewa an zana Musulmi da gicciye a wuya, don yanzu ba a gane wuyan wa ne. Wani dattijo da muke sallah tare, mutumin kirki, ya ja ni gefe bayan la'asar ya ce ya san ni, ya san mahaifina, amma in yi hankali, ba kowa ne zai tsaya ya tambaye ni nufina ba. A wajen su Masta kuma cewa aka yi zanen yana nuna yadda za a haɗiye su ne, har wani ya tare Madam a kasuwa ya tambaye ta nawa aka biya mijinta.

Amma mafi yawan fostocin namu ba wanda ya tsane su ma. Fostocin 'yan takara aka manna a kansu, fuska a kan fuska, kowanne an goge shi da na'ura ya yi fari tas kamar ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Masu mannawar ba su ko kalli abin da suke rufewa ba, bango kawai suka gani. Wannan ya fi yi min ciwo a kan rezar. Mai reza aƙalla ya tsaya ya duba.

Wasan ma bai yiwu yadda aka so ba. Mai zauren da aka kama ya ce shi ba zai iya ba, kada a ƙona masa wuri. Aka nemi wani, shi ma ya zame. Daga ƙarshe ɗan takarar ya raba abin biyu, mawaƙan Hausa suka yi nasu a wancan ƙetaren gada, sauran suka yi nasu a wannan, kowanne da ranarsa. Aka buga musu manyan allunan roba a na'ura, iri biyu, kowanne da hoton ɗan takarar cikin tufafin da suka dace da unguwar. Ba wanda ya sake neman mu. Yarinyar nan 'yar Binuwai ce kaɗai ta zo ta roƙi guda ɗaya, ta naɗe ta a jaka, ta ce a ɗakinta za ta ajiye, ba za ta manna a waje ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Na yi ta yawo a kan keke ina neman ko guda ɗaya da ta tsira, don in samu abin da zan riƙe. Na kuwa samu. Tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu, a jikin katangar tsohuwar masaƙarmu, ta gefen da ciyawa ta cinye. Na koma da sauri na ɗauko Masta, na kai shi, na nuna masa kamar wanda ya tsinci zinariya. Na ce ga ta nan, ta zauna, sharaɗi bai faɗi ba.

Ya daɗe yana kallon ta. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ban da wasu awaki da ƙadangaru ba abin da yake motsi a wurin.

“Malam,” ya ce, “nan ai ba kowa.”

Ban sake yi masa gardama ba. Na gane cewa ba zanen ne bai yi ba, kuma ko ya sake wani wanda ya fi shi, haka za a yi.

Ranar da Masta zai kwashe kaya, ana saura kaɗan zaɓe, gari ya yi tsit irin na tsoro. Madam ta zo da kanta, ta kawo min abinci a kula, ta durƙusa ta ce, “Baba, ka yafe ni, ba don kai ba ne.” Na ce mata na sani, kuma da gaske na sani. Masta ya bar min tebur da rabin firam-firam, ya ce teburin ya yi masa nauyi, alhali ƙarya yake yi. Muka loda sauran a bayan a-kori-kura. Madam ta shiga gaba, ni da shi muka hau baya muna riƙe da kaya kada su zube. Niyyata in raka shi har sabon shagon, in taya shi kafa igiyoyi, in ga inda zai riƙa zama.

Mun wuce Kakuri, mun kusa inda hanya take karkata zuwa unguwarsu, sai ya buga rufin motar da tafin hannu. Direba ya tsaya a gefen titi. Na ɗauka wani abu ne ya faɗi.

“Malam, sauka a nan,” in ji shi.

Na ce ban gane ba, ai ba mu iso ba. Ya ƙi kallona, yana ta gyara igiyar da ba ta kwance ba.

“Can ba su san ka ba. In wani abu ya tashi, ni ban isa in hana komai ba.”

Na so in yi masa masifa irin wadda na saba, in ce shekara nawa yana zuwa Makera wa ya taɓa shi. Amma na tuna ni ma da zai ce zai biyo ni Tudun Wada a wannan makon, abin da zan faɗa masa ke nan. Na sauka. Ya miƙo hannu muka gaisa, hannun nasa duk busasshiyar tawada, motar ta ja.

Ina nan a Makera, ina buga rigunan makaranta, zanen kuma a waya ake turo min shi. Fostar wasa ban sake yi ba. Muna gaisawa da Masta, yana kira na da Sallah, ina kiran sa da Kirsimeti, kowa ya tambayi iyalin kowa, mu ce sai mun haɗu. Shagon nasa bai fi tafiyar ɗan lokaci a mota daga nawa ba, amma har yau ban san kalar ƙofarsa ba.